Kasoge Na Biyu

Ranar Talata ce a ƙarshen damina, la'asar ta yi sakaliya. Antandu Kasoge yana tsaye a bakin kogon dutsen da ke kallon Bamako daga arewa, yana nuna wa baƙinsa jan zanen da mutanen da can suka bari a jikin bango. Baƙin su huɗu ne, likitocin dabbobi daga Kamaru da suka zo taro, suka ware yini guda don ganin gari. Tun safe yake yawo da su, daga gidan tarihi zuwa tsohuwar tashar jirgin ƙasa, rumfunan maƙeran azurfa, har bakin kogi. Nan ne zango na ƙarshe.

Bakinsa yana aiki, amma hankalinsa yana hayin kogi, a Badalabugu. Kwana shida ke nan da matarsa Yatime ta haifi 'ya mace, haihuwar fari bayan shekara tara da aure. Gobe da sassafe suna. Rago yana ɗaure a tsakar gida. Saura goro, shi zai saya in ya sallami baƙi.

Antandu ɗan ƙabilar Dogon ne, daga ƙasar duwatsu. Da 'yan yawon buɗe ido suka ɗauke ƙafa daga can, ya sauko birni da sana'arsa. Yana da wata dabara da ta fi duk tarihin da ya haddace kawo masa farin jini: raɗa wa baƙi jamu, wato sunan gida. A Bamako da shi ake gaisawa, da shi ake sanin wanda za a girmama da wanda za a tsokana. Baƙo in ya sauka, mai masaukinsa kan ba shi nasa jamun, ya ba shi ruwa ya sha. Daga nan ya zama ɗan gida, ba a rufe masa ƙofa.

Da hantsin ranar ma sai da Ba Tenin Karabenta ta yi masa magana a kan haka. "Ba" ɗin nan uwa ke nan a harshen Bambara na garin. Tsohuwa ce 'yar ƙabilar Bozo, masunta, tana sayar da bandar kifi a unguwar Bozola, daf da tsohuwar gada. Duk baƙin da ya samu sai ya kai su wurinta su ji yadda suke yi da juna.

"Ga akuyar dutse ta sauko," ta ce da ta hango shi. "Ka yi wanka kuwa, ko har yanzu tsoron ruwan kake?"

"Ke dai kifi ce da aka manta a tudu. Warinki ya riga sallamarki."

"Bawana ne," ta ce wa baƙin, tana nuna shi da wuƙar kifi. "Lokacin yunwa kakana ya yanki naman cinyarsa ya ba kakansa, ya rayu. Tun daga ranar, in na ce zauna, sai ya zauna."

Antandu ya fassara musu, ya ƙara da cewa ɗan Dogon ba ya ƙin roƙon ɗan Bozo. Suka rubuta a littattafansu. Shi kansa ya faɗi maganar nan sau ɗaruruwa, har ta zama masa kamar farashin tikiti.

Da za su tafi ta jawo hannun rigarsa, ta rage murya.

"Ka daina rabon suna kamar ƙosan sadaka. Wata rana za ka ba wanda zai riƙe."

"Na wasu nake rabawa, Ba Tenin, ba nawa ba."

Gaskiya ya faɗa. Yanzu ma a bakin kogon, na wasu ya raba. Mai ƙibar ya zama Kulibali, matar ta zama Keita, ya koya mata ta ce masa mai cin wake. Sauran biyun suka sami nasu. Dariyarsu ta shiga kogon ta dawo.

"Ni fa?"

Daga ciki muryar ta fito, inda haske ya ƙare. Mutum ne mai tsawo, siriri, cikin rigar saƙi mai launin toka. Antandu ya ɗauka irin mutanen nan ne da ke bin bayan ayari su ji tarihi kyauta. Da Bambara ya yi magana, amma irin ta tsofaffin ƙauye, wadda ba a jin ta a gari.

"Kai ai ɗan ƙasa ne, Yaya. Mene ne jamunka?"

"Ba ni da shi."

"Mutum ba jamu?" Antandu ya yi dariya. Ransa fari ne ranar, da an roƙe shi rigarsa ma da ya cire. "To ka zo a sa'a, an yi mini haihuwa. Daga yau kai Kasoge ne, ɗan gidanmu."

"Ƙishi nake ji," in ji mutumin.

Antandu ya miƙa masa gorar ruwansa.

Mutumin ya ɗaga ta. Ba a ji ƙarar haɗiya ba. Abin da aka ji kamar an zuba ruwa a rijiya mai zurfi ne, sai can daga baya ya isa ƙasa. Ya mayar da gorar. Ta yi sanyi ƙalau, cikinta a bushe.

Baƙin suna kallon Antandu, suna ɗan murmushin ladabi. Ya ɗauka don ba sa jin Bambara ne.

A mota, suna gangarowa, Laji direba ya kalle shi ta gefen ido.

"Kai dai surutu ya yi maka yawa. Yau har da bango kake hira."

"Wane bango?"

"Ina tsaye ina kallonka. Ka miƙa wa dutse ruwa."

Antandu ya yi dariya, don Laji mutum ne mai son tsokana. Amma ya ajiye gorar a ƙarƙashin kujera, bai sake taɓa ta ba. A bakin kasuwar Madina ya sauka, ya yi sallama da baƙi, motar ta wuce da su masauki.

Kasuwa tana tashi. Mata suna ɗaure ragowar tumatir da gauta, ana tura amalanke, ƙasa ta yi caɓi da ruwan jiya. Warin albasa, gawayi da rubaɓɓen ganye. Jemagu sun fara fitowa daga itatuwa, suna wucewa ta sama a jere. Antandu ya kutsa layin masu goro.

A nan ya ji wani wari daban. Toka mai sanyi, da jiƙaƙƙen dutse, da kashin jemage.

"A da rafi ne nan," aka ce daf da kunnensa. "Kadoji suna shan hantsi a inda matar can take zaune."

Bai ji tahowarsa ba. Mutumin yana tsaye a gefensa, yana kallon kasuwar kamar wanda ya dawo daga doguwar tafiya ya tarar an sake ginin gida. Rana tana daf da faɗuwa, inuwar kowa ta miƙe a ƙasa har ta ninka shi. Antandu ya duba. Tasa tana nan. Kusa da ita ba komai.

"Yaya aka yi ka riga mota?"

"Ka nuna wa wasu gari. Ni ma ka nuna mini. Sannan mu je gida."

Siyaka mai goro ya hango shi, ya ɗaga hannu yadda aka saba.

"Kasoge!"

"Marhaba," in ji Antandu.

"Marhaba," in ji ɗayar muryar.

Siyaka ya ɗan waiga, ya sosa kunne, ya ci gaba da zaɓen goro. Ya ɗaure ƙwarya biyu cikin ganye, ya yi addu'a Allah ya raya. Antandu ya karɓa. Da ya juya ya sake duba ƙasa.

Yanzu akwai wani abu kusa da inuwarsa. Siriri, mara kauri, kamar hayaƙi.

Ya ɗaga ƙafa. Ya bi ta tsakanin rumfuna, ya tsallaka titi a gaban koriyar motar haya har direban ya zage shi, ya haye layin dogo. Bai waiga ba. Ba ya bukata. Warin yana tare da shi.

"Ina ganuwar?" in ji mutumin. "A nan take. Ta ƙasa ce, da ƙofa huɗu."

"An rushe ta tun zamanin Turawa," in ji Antandu. Bakinsa ne ya amsa da kansa, don ya saba.

"Wannan ƙarfen da aka shimfiɗa fa?"

"Hanyar jirgi."

"Ban san shi ba. Shi wanda ya yi zanen da kake nunawa, na san shi. Bahago ne. Ba rawa ya zana ba, kamar yadda kake gaya wa mutane. Gudu suke yi."

Antandu mutum ne da kowa ya sani a tsakiyar gari, aikinsa ke nan. Mai gyaran agogo ya kira shi. Mai sayar da zannuwan rini ta kira shi. Wani maƙerin azurfa yana rufe rumfa ya kira shi.

"Kasoge!"

"Kasoge!"

Ya daina amsawa, amma ɗayan bai daina ba. Kuma duk amsa ɗaya sai wani abu ya ƙaru. Bayan ta uku ya fara jin takun ƙafa a gefensa. Bayan ta biyar, wata mata mai tallan lemo ta kauce ta ba mutumin hanya.

A bayan babbar kasuwa, inda masu maganin gargajiya ke shimfiɗa busassun kawunan birai da fatun macizai, wani tsoho mai kwashe kayansa ya ɗago. Ya dube su su biyu.

"Antandu, ba ka taɓa cewa kana da wa ba. Kai, kun yi kama!"

Antandu ya juya a hankali.

Fuskar ba yadda take a kogo ba. Ga faɗin goshin gidansu. Ga wushiryar mahaifinsa. Idanun ne kawai ba su gama ba: a bushe suke, ba sa ƙiftawa.

Waya ta yi ƙara a aljihunsa. Yatime ce.

"Kana ina? Ka samo goron?"

"Na samo."

"Yarinyar nan ta ƙi kama nono tun la'asar. Ba ta kuka, ba ta barci. Ƙofa kawai take kallo. Inna ta juya ta, ta sake juyo da kai. Jaririn kwana shida yana juya kai haka?"

"Ku rufe ƙofar."

"Mu rufe? Gida cike da 'yan barka?"

"Ku rufe, Yatime. Ku yi ta addu'a."

Ya kashe. Mutumin yana murmushi da wushiryar mahaifinsa.

"Akwai wuri a gidanka," ya ce a hankali. "Ɗaki sabo, ba a kira kowa a cikinsa ba tukuna. Gobe da safe za a kira. In na riga shiga, ni zan amsa."

Goron ya kusa faɗuwa daga hannun Antandu.

"'Yata ce."

"Ai 'yar gidanmu ce. Na gaji da dutse. Ina so in ji sanyi, in ji zafi. Ina so a goya ni."

Ladan ya ɗaga murya daga babban masallaci. Antandu ya ruga. Ya tuɓe takalmi, ya yi alwala da ruwan da ya zubar da rabinsa, ya shiga tsakiyar sahu. Warin ya tsaya a waje. A karo na farko tun kasuwar Madina ya ja numfashi har ƙasan ƙirji. Ya yi niyyar ba zai fita ba. Zai zauna nan har a yi suna.

Da aka sallame ya leƙa ta ƙofa. Mutumin yana tsaye can bakin titi, nesa da tabarmi, yana riƙe da takalmansa da ƙunshin goro, kamar ɗan'uwan kirki. Ana ta hayaniya tsakaninsu, amma muryar ta iso shi tamkar a kunnensa.

"Ka yi zamanka. Ba na hana ka. Ni ba ɓarawo ba ne, ba ta katanga zan shiga ba. Kai ka ba ni suna, kai ka ba ni ruwa. In ba ka raka ni ba, na san hanya yanzu. Sunan yana ja na."

Ya juya, ya fuskanci kudu, wajen gada.

Antandu ya tsaya, ƙafa ba takalmi. Tafiyar minti ashirin ce daga nan zuwa ƙofar gidansa. Ya duba liman, ya duba mutanen da ke fita. Me zai ce musu? Sun ga wansa ne riƙe da takalmansa.

A nan maganar hantsi ta faɗo masa. In na ce zauna, sai ya zauna. Magana ce ta ba baƙi dariya, bai taɓa ɗaukarta fiye da haka ba. Amma ba shi da wata.

Ya bi shi da gudu.

"Yaya," ya ce, kalmar tana yi masa ɗaci. "Saura wuri ɗaya ban nuna maka ba. Bakin kogi. Ba a kai baƙo gida bai gai da masu ruwa ba. A kan hanya yake."

Busassun idanun suka tsaya a kansa.

"A kan hanya yake," mutumin ya maimaita. "To."

Suka gangara Bozola. Lungu ya ƙuntata. Hayaƙin banda ya kwanta tsakanin katangu, da ƙarnin kifi da danshi. Kogi ya cika maƙil, jajawur da ƙasar damina, yana bugun jiragen da aka ɗaure. A sama, fitilun gada sun kama, babura suna ta wucewa.

Ba Tenin tana jera ragowar kifi a kwando, 'yar fitila a gefenta. Sauran mata sun tashi.

"Akuyar dutse sau biyu a rana ɗaya? Yau me na yi wa Allah..."

Ta ɗago. Hannunta ya tsaya a cikin kwando.

Ta dubi Antandu. Ta dubi ɗayan. Ta dubi ƙafafunsa. Ta sake dubi Antandu, kuma bai taɓa ganin fuskarta haka ba.

"Me ka yi?" ta ce da raɗa.

"Ki tambaye shi jamunsa."

"Antandu..."

"Don Allah, Ba Tenin. Gidana za shi. Ki tambaye shi."

Ta goge hannu a zani. Ta fuskanci mutumin.

"Baƙo, sannu da zuwa. Jamu fa?"

Mutumin ya miƙe ƙirji.

"Kasoge."

Ruwa yana bugun jirgi.

Sai tsohuwar ta yi dariya. Dariya ce mara daɗi, tana karkarwa, amma ta yi ta.

"Kasoge! Ashe wani bawan nawa ne ya ƙaru. Shi ya sa nake jin warin wanda bai taɓa wanka ba. Kai ma daga rami ka fito kamar gafiya?"

Fitilar ta dushe.

Ƙarar babura ta ɗauke, kamar an toshe kunnuwa da auduga. Mutumin bai motsa ba, amma sai da suka ɗaga kai kafin su ga fuskarsa. Sanyi ya taso daga ƙasa.

"Kin san da wa kike magana?"

"Na sani. Da mai cin tuwo ba miya. Da ɗan da ya ga kogi ya ɗauka sama ce ta faɗo."

"Ina nan kafin a kafa garin nan. Ina nan kafin kakanninki su sassaƙa jirgi."

"Kai ne tsoho. Sunan na yau ne." Muryarta ta fara zama. "Ka karɓe shi, ka karɓi abin da ke cikinsa. Ka sha ruwansa, ka ci naman cinyar kakana. Ni 'yar Bozo ce, ina roƙo. Zauna."

Aka ji ƙara kamar dutse yana tsagewa.

Gwiwoyin suka lanƙwashe a hankali, ba da son mai su ba. Mutumin ya zauna a cikin taɓo.

Antandu ya buɗe baki zai yi hamdala, sai ya ji sanyin taɓo a jikinsa. Shi ma a zaune yake. Bai san lokacin da ya zauna ba. Ya yunƙura. Ƙafafun sun ƙi.

Ba Tenin ta dube su.

"Ka gani?" ta ce da raɗa. "Suna ɗaya ne. Ba zan iya ɗaure rabi in bar rabi ba."

"Ki ce ya koma kogo."

"Ai kai ma sai ka bi shi."

"To ki ce ya mayar mini da sunan."

Mutumin ya yi murmushi, wushiryar ta bayyana.

"Ki ce mana," ya ce. "Ki roƙa. Zan mayar."

"Ka ji shi? In ya mayar, ya fita hannuna. Kuma ya riga ya san ƙofa."

Waya ta yi ƙara. Antandu ya ciro ta da ƙyar. Kukan Yatime ya riga maganarta.

"Jikinta ya yi sanyi! Antandu, ta yi sanyi, idonta a buɗe, tana murmushi! Kana ina?"

Hannun mutumin ya fara rarrafe a cikin taɓo, wajen ruwa. Yana ƙara tsawo.

"Kogi kawai gare ni," in ji Ba Tenin da sauri. "In na rufe shi, na rufe wa duk Kasogen gidanka. Kai a nan, ita a can. Ka ji ni da kyau? Ba na dare ɗaya ba ne. Ran da na buɗe maka, na buɗe masa."

Antandu ya dubi hayi. Fitilun Badalabugu suna nan, kusa, kamar ya miƙa hannu. Sau ɗaya ya ɗauki 'yar tasa, ran da aka haife ta. Ba ta fi nauyin ƙunshin goron nan ba.

Yatsun sun taɓa ruwa.

"Rufe," ya ce.

Tsohuwar ta taka cikin kogin har idon sawu. Ta yi bisimilla, ta ɗebi ruwa a tafi, ta watsa musu.

"Ni Tenin Karabenta, 'yar Bozo, ina roƙo. Kada Kasogen gidan Antandu ya haye kogin nan. Ba ta gada ba, ba ta jirgi ba, ba da iyo ba. Kun ji?"

"Mun ji."

Baki biyu suka faɗa, a tare.

Hannun ya janye kamar ya taɓa wuta.

Daga cikin wayar, wadda ta faɗi a taɓo, wata ƙara ta tashi. Siririya, mai kaifi, mai fushi. Jaririya tana tsala kuka iyakar ƙarfinta.

Ƙarar babura ta dawo. Fitilar ta kama.

Mutumin ya miƙe, ya koma tsawon mutane. Ya karkaɗe rigarsa. Bai yi fushi ba, abin da ya fi ba Antandu tsoro ke nan. Ya ajiye takalman a gaban Antandu, ya jera su da kyau, ya ɗora ƙunshin goron a kai.

"Tsohuwa ce ke," ya ce wa Ba Tenin.

"In na mutu, na tafi da mabuɗin."

"Ba komai. Na iya jira."

Ya juya ya shiga hayaƙin banda. Warin bai tafi duka ba.

Ba Tenin ta fito daga ruwa, ta zauna a kan kwandonta. Ta matse bakin zaninta.

"Tashi, bawan banza," ta ce daga baya. "Miƙo goron. Ni zan kai."

Washegari aka yi suna ba uba. Ta waya ya ji liman ya faɗa, sunan da shi ya zaɓa: Tenin. 'Yan'uwansa sun yi ta gunaguni, wai ina aka taɓa ba 'yar Dogon sunan mai kifi.

Sau ɗaya ya gwada gadar. A fitila ta uku ƙafafunsa suka zaunar da shi a tsakiyar babura. Yatime ma sau ɗaya ta gwada kawo yarinyar. Motar tana hawa gada, jaririyar ta sanƙare ta daina numfashi, sai da aka juya da su.

Ya kama ɗaki a Bozola, bayan wurin banda. Yatime, da yake jamunta daban ne, tana hayowa ran Lahadi da abinci. Har yanzu yana kai baƙi gidan tarihi da kasuwa, kuma masu kiransa sun lura ba ya amsa jamunsa sai da ɗaga hannu. Ba ya zuwa kogo. Ba ya raɗa wa kowa suna, ko an roƙe shi. Ba Tenin ta rasu a shekara ta uku, ba ta buɗe ba.

Yarinyar tana shekara biyar yanzu. Kullum kafin magariba sukan yi kiran bidiyo, ta nuna masa haƙorin da ke motsi ko takalmin makaranta. A wata Talata cikin bazara, tana tsaka da ba shi labarin akuyar maƙwabta, sai ta tsaya. Ba shi take kallo ba. Gefen kafaɗarsa take kallo.

Ta ɗaga hannu, ta yi murmushi.

"Wa kike gaisarwa, Tenin?"

"Baffa mana. Na bayanka." Ta karkata kai, kamar mai saurare. "Ya ce in gaya maka, wai bana ruwa ya ja da baya sosai."

Antandu bai waiga ba. Ya fita ƙafa ba takalmi, ya bi lungu har bakin kogi.

Jirage suna kwance a kan yashi. A tsakiyar ruwan, wasu baƙaƙen duwatsu da bai taɓa gani ba sun fito, ɗaya bayan ɗaya, a jere, sun doshi hayi. Ba gada ba, ba jirgi ba, ba iyo ba.